Maigidana Ya Sallame Ni Bai Yaye Ni Ba

Salamu alaikum, Malam Datti. Don girman Allah ka ba ni shawara, wallahi zuciyata tafasa take yi.

Ni ɗan Durun ne ta ƙasar Kabo, firamare kawai na yi. Baba ne ya danƙa ni a hannun Hammadu mai walda a Gwarzo, mijin Gwaggona Furera. Na yi shekaru ina masa bauta, idanuna sun sha wutar walda, ban taɓa cewa a biya ni ba. Yaye kawai nake jira: ya tara dattawa, a yi addu'a, ya shaida na iya, in buɗe rumfata.

Kwatsam aka zo da wani shirin tallafi, wai duk maigidan da ya ɗauki matashi marar takardar makaranta, za a riƙa biya masa rabin albashin. Na ce ai da mu ake! Ashe sai wanda bai taɓa aiki ba. Hammadu ya kwaso sababbin yara daga ƙauyen Kara, ko guduma ba su iya riƙewa ba, ya ce rumfa ta yi kaɗan, in je gida in huta. In huta fa, Malam! Duk inda na je neman aiki sai a ce ba a ba da tallafi a kaina, kuma wa ya yaye ni? Tunda Shari'a ta zo, gaban alƙali zan maka shi. Baba ya ce in na yi, na kashe zumunci.

Mai ƙunar zuci, Kabo.

Wa alaikumus salam, ɗana. An cuce ka, ba zan ɓoye maka ba. Masu shirin nan sun manta da irinku, Hammadu kuma ya yi son zuciya. Na san man janareto ya yi tsada, kasuwa ta ja baya, amma wannan ba hujja ba ce ta watsar da amanar da aka ba shi.

Duk da haka, kada ka fara da kotu. Alƙali zai iya sa a biya ka wahalarka, amma ba zai sa Hammadu ya sa maka albarka a gaban jama'a ba, kuma ita ce za ta kawo maka aiki. Ka samu Gwaggo, ku ɗauki shugaban masu walda na Gwarzo, ku je tare. Kada ka roƙi komawa rumfarsa. Ka nemi a sa ranar yaye. In ya ƙi a gabansu, ka tafi kotu, Baba ma ba zai ga laifinka ba.

Randa ka zama maigida, ka tuna zafin nan kafin ka ce wa ɗan wani ya je gida ya huta. Allah ya sanyaya maka, ya buɗa maka.