Mai Jiƙa Asabari

Daren Laraba, farkon watan Maris, Haɗeja.

Yau aka rataya asabari a tagogin ɗakina saboda bazara. Saƙar mutanen Auyo ce, mai kauri, idan aka jiƙa ta iskar da ke ratsowa takan shigo da sanyi. Ban roƙi kowa ba. Babban akawun ofishinmu ne ya aiko, mutumin da bai taɓa amsa gaisuwata da sakin fuska ba tun da na dawo daga jami'a.

Ya haɗo ni da wani dattijo, Baba Bukar, wanda zai riƙa zuba ruwan. Na tambaye shi lokacin da zai riƙa zuwa.

Ya ce, "Bayan la'asar, ranka ya daɗe. An ce lokacin ne zafi ya fi damunka."

Kowa ya san da azahar rana take cin mutum a garin nan. Bayan la'asar kuwa malaman makaranta ke zuwa wurina mu tattauna batun zaɓe. Mai jiƙa asabari a bayan taga yake tsayawa, na ciki ba ya ganinsa, shi kuma babu abin da zai wuce kunnensa.

Wataƙila na zalunci tsohon, domin fuskarsa ta mutanen kirki ce. Amma wa ya ce masa? Na so in tambaya, na fasa.

Idan na mayar da kyautar, na nuna ina da abin ɓoyewa. Don haka gobe ya zo ya zuba ruwansa, ɗaki ya yi sanyi babu kowa a ciki. Mu kuma mu koma zaure mai rufin kwano, mu sha gumi.