Sandar da Yaya ya bari a bakin ƙofa

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa cikin ladabi, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da mutanen gida. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ciwon bayan nan kuma ya sa kaffara ne. Ni lafiyata lau, na fara sabawa da garin, ko da yake har yanzu in zan tsallaka titi sai na jira wani ya fara, in bi bayansa. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san inda karatuna ya tsaya. Da waya zan kira ka, to wayar ɗaya ce a gidan, ta Yaya ce, maganar kuma tasa ce.

Kawu, ka san Inna ta turo ni in kula da Yaya tunda aka sallame shi daga soja. Abin da ba ku sani ba, ƙafar ta fi yadda yake faɗa muku. Akwai ɓarɓashin ƙarfe a gwiwarsa ta hagu tun ranar da bom ya tashi da motarsu. Daga gado zuwa banɗaki sau biyu yake hutawa, inda yake dafa bango har ya yi baƙi. Ya nemi a sa shi cikin masu rauni, waɗanda ake ba alawus ana yi musu tiyata kyauta, aka hana shi tun kafin in zo. Wai likita ya rubuta yana tsayuwa yana tafiya lafiya lau. Ni har na ce ko wani aka duba aka sa sunansa. Shi ne ya ɗaukaka ƙara, aka sa mana Talatar da ta wuce a gaban kwamiti.

Ranar na gane komai. Tun da safe ya naɗe gwiwar da bandeji, ya sa takalmin sojansa ya ja igiya tamau, ya sha ƙwaya biyu maimakon ɗaya. Muka zauna a benci da lamba a hannu, cikin tsofaffin sojoji, wani ba hannu, wani sai an yi masa ihu yake ji. Akwai wani dattijo, Kofur Biro suke ce masa don shi ke cika wa mutane fom. Ya kalli takalmin Yaya, ya tambaye shi ko fareti ya zo. Aka yi dariya, ban da Yaya. Da aka kira lambarmu sai ya miƙo min sandarsa, ya ce in jira a waje, soja ba ya shiga gaban manya da ƙafa uku. Ya shiga tsaye cak, ya ƙame, ya sara musu. Ashe haka ya yi wa likitan farko.

Kofur Biro ya matso ya ce min in Yaya ya fito a haka, an rufe fayil ke nan, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta gilashin ƙofa ina hango shi. Sun nuna masa kujera ya ƙi zama, gumi ya jiƙa bayan rigarsa, ƙafar tana rawa cikin wando, su kuwa takarda suke kallo. Wallahi ban san lokacin da na tura ƙofar ba. Na ce musu sandar nan tasa ce, ba ya zuwa banɗaki sai da ita, kuma ni nake cire masa takalmin nan don in ya dawo gida ba ya iya sunkuyawa. Na faɗa musu har ranar da ya zame a wurin wanka, ya daɗe a ƙasa bai kira ni ba. Matar da ke tsakiyarsu, mai gilashi, ta tambaye shi ko gaskiya ne. Ya ce yarinya ce baƙuwa, a yi mata uzuri. Sai ta ce ya taka zuwa taga ya dawo. Ya kai tagar. Dawowar ce ta gagara, sai labule ya riƙe.

Jiya takarda ta zo da Turanci, na kai wa Kofur Biro ya karanta min sau biyu. Ni na ɗauka ko ci ne ko faɗuwa, ashe akwai na tsakiya. Ba su ba shi ba, ba su hana shi ba. Sun soke rahoton likitan farko, wani zai sake duba shi Litinin ta sama, abin da ya rubuta kuma shi ne na ƙarshe. In ya je ya sake ƙamewa, ba tiyata ba alawus, sai dai ƙarfen ya ci gaba da cin gwiwar.

Tun ranar Yaya bai yi min magana ba. In na ajiye abinci sai na fita yake ci. Abu ɗaya ya ce a mota: na tsiraita shi. Wai abokansa biyu da ke motar da bom ya tashi da ita ba su dawo ba, shi da ya dawo da ƙafa biyu ba zai je yana ɗingishi yana roƙo ba. In laifi na yi, ka faɗa min.

Kai ka riƙe shi bayan rasuwar Baba, maganarka kaɗai ba ya tsallakewa. Don Allah ka kira shi kafin Litinin ɗin. Kada ka lallashe shi, na gwada, ba ya jin lallashi. Oda yake ji. Ka ce ya shiga da sandarsa, in an ba shi kujera ya zauna, in an tambaye shi inda ke ciwo ya nuna.

Ka gaida Inna, amma kada ta ji wannan. Ka gaida Gwaggo, da Baba Ƙarami, da 'yan biyu. Sai abu ɗaya, gara ka ji daga bakina. Takalmin sojansa na hagu yana cikin buhun shinkafa, ni na sa shi. Tun safe yake lalubensa a ƙarƙashin gado da sandar, bai tambaye ni ba. Ba zan fito da shi ba sai mun dawo daga wurin likita.

'Yarka mai jiran kiranka,
Auta