Birkin Da Aka Ce Gaisawa Yake Yi

Malam Altine, ina neman taimakonka, domin na kai matsayin da ban ƙara amincewa da kunnena ba.

Ranar Laraba, 21 ga Fabrairu, 2024, da ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, ɗana Waliyyu, mai shekara ashirin da huɗu, ya daki bayan babbar mota mai ɗauke da albasa a hanyar Aliero zuwa Jega. Nan take ya cika. Kwana tara kafin nan aka sauya wa motarsa takalman birki da faifansu na gaba. Wanda ya yi aikin Yari ne, ɗan Goggona, wanda ya shekara goma sha biyar yana gyara mana mota. Waliyyu ya koma masa sau biyu saboda ƙara. Amsar da ya samu ita ce sabon takalmi da sabon faifai gaisawa suke yi, a bar su su saba. Ni ma da bakina na maimaita wa yaron wannan magana, har da murmushi. Shekara talatin ina koyar da ɗalibai kada su karɓi zance babu hujja.

Da aka duba abin da ya rage na motar, noti ɗaya cikin biyun da ke riƙe gidan birkin tayar dama babu shi. Ko kafin karon ya fita, ko karon ne ya fitar da shi, ban sani ba. Yari ya zauna makoki kwana uku, yana cin tuwon gidana, yana gaya wa masu gaisuwa cewa kwana ne ya ƙare. Na yi imani da ƙaddara. Abin da nake ƙyama shi ne a mayar da ita tsumman goge hannu.

Yanzu 'yata Mardiyya, ƙanwar Waliyyu, wadda ke koyarwa a Maiyama, ta kai tata motar wurin Yari ba da sanina ba, domin Goggo ta ce ƙaurace masa daidai yake da tuhumarsa. An sauya takalma da faifai. Ƙara biyu nake ji. Na farko siririn fito idan an taka birki a hankali, musamman da safe. Na biyu bugu guda, ƙwas, idan an ja da baya aka taka, sannan kuma idan an yi gaba aka taka. Mardiyya ta kira shi. Gaisawa suke yi, in ji shi.

Yau kwana shida makullin motarta yana aljihuna, tana bin motar haya. Ban gaya mata dalili ba. Ban sa an duba motar ba. Ban taɓa yi wa Yari maganar notin ba.

Mahaifin Waliyyu, Jega

*

Malam, Allah ya jiƙan Waliyyu, ya ba ku haƙurin rashinsa.

Kunnenka lafiya lau. Ka ji abu biyu, kuma ba ɗaya ba ne.

Fiton nan, a nan Yari yana da gaskiyarsa. Sabon takalmi kan yi fito kwanakin farko kafin fuskarsa ta zauna a kan faifai, raɓar safiya kuma tana ƙara shi. Idan yana raguwa kullum, birki na kamawa sosai, ba abin tsoro ba ne.

Bugun kuwa ba gaisuwa ba ce. Abin da ke bugawa idan mota ta sauya alkibla yana da wurin motsi ke nan: ko ba a mayar da ƙananan ƙarafan da ke matse takalmi ba, ko takalmin bai yi daidai da gidansa ba, ko noti bai ɗauru ba. Yana iya zama ƙaramin abu, amma ba a gane haka da kunne. Kada motar ta hau hanyar Maiyama. Ka kira wani bakanike ya zo gida, a ɗaga ta, a cire tayoyin gaba biyu kana tsaye, a sa sifana a kan kowane noti. Ya duba ko ƙarfen bayan faifai ya lanƙwashe yana gogawa. Bayan gyara, a yi gwaji gajere: idan ka ji gurza, ko sitiyari na rawa, ko taya ɗaya ta fi 'yar'uwarta zafi, ko birki ya yi laushi a ƙafa, aiki bai ƙare ba.

Game da Yari, kai da kanka ka ce ba ka san lokacin da notin ya fita ba, kuma mai yiwuwa ba za ka taɓa sani ba. Kada ka ɗora masa rai. Amma mutumin da aka koma masa sau biyu bai cire taya ba, yana da abin amsawa. Ka same shi ku biyu, ba a gaban Goggo ba, ka gaya masa abin da aka gani. Zumunci bai wajabta ka ba shi motar 'yarka ba, kuma motocin 'ya'yan wasu na shiga garejinsa kullum.

Maganar da ka maimaita wa Waliyyu, ka faɗe ta ne bisa amana, ba sakaci ba. Yau ka zaunar da Mardiyya ka gaya mata komai. Ita ma yayanta ta rasa. Ranar da za a cire tayar, ta tsaya kusa da kai ta gani da idonta, sannan ka miƙa mata makullinta.

Allah ya kai ta Maiyama lafiya, ya dawo maka da ita lafiya.

Altine