Dangina suka cika banki, lambar abokina ce a kan takardun

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Admin ka taimaka ka cire sunana kafin ka saka wannan, garinmu ƙarami ne, ko tari ka yi a tasha sai an san na wane ne. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku fara zagina, don na san za a zage ni, kuma ba zan ce an zalunce ni ba.

Ni ma'aikacin wani banki ne a Madawa, shekarata tara a wurin. Aikina na cikin biro ne, wato ofis, duk takardar buɗe asusu da aka cika sai ta biyo ta hannuna na shigar da ita a ordinatar, wato kwamfuta. Kuma ni ne delege na sandika, wato ƙungiyarmu ta ma'aikata, ni nake magana da yawun abokan aikina idan akwai zance tsakaninmu da manya. Akwai abokina da zan kira Illa, ba sunansa ba ne. Tare muka yi lakwal, wato makarantar boko, da ya gama bai samu aiki ba, yana sayar da katin waya a bakin tasha. Da aka ce ana neman mai fita ƙauye ni na ɗauki takardunsa da hannuna na kai wa shef ɗinmu, shugaban reshen, na ce na tsaya masa. Wata ukun farko a gidana yake cin tuwo. Aikinsa shi ne ya hau moto ranar kasuwa, yau Bangi, gobe Karofane, jibi Tabotaki, ya lallashi mutane su buɗe asusu, ya cika musu takarda ya kawo mini. A saman kowace takarda akwai wani ɗan gida da ake rubuta lambar ma'aikacin da ya kawo mutum. Shekara huɗu ina shigar da lambar Illa ban taɓa jin komai ba, don lokacin lambar ba ta da wani amfani.

Sai bana manya suka aiko daga Yamai da tayi biyu, suka ce mu zaɓi ɗaya. Ko a yi wa kowa ɗan ƙarin albashi, wanda gaskiya bai taka kara ya karya ba, ko kuma a bar albashi yadda yake a riƙa ba da firim, wato kuɗin tukwici, a ƙarshen shekara, gwargwadon mutanen da suka shigo da lambarka. Kowane reshe ya zauna ya yi zaɓe, delege ya kai amsa taron da za a yi a Tawa.

To ga inda abin ya taɓa ni. Uwata 'yar Tabotaki ce, kuma ƙanenta Kawu Mamman shi ne shugaban ƙungiyar manoman unguwarsu. Shekara da shekaru mutanen nan ba su yarda da banki ba, wakensu in sun sayar sai su sayi tumaki. Bayan kakar bana sai ga Illa ya fara dawowa daga Tabotaki da jaka cike da takardu, sati bayan sati. Ina shigarwa ina ganin sunayen da na sani tun ina yawo ba wando. Ƙawar uwata da ta goya ni, wanzamin da ya yi mini kaciya, 'ya'yan kawunnaina, har limamin unguwa. Kowace takarda da lambar Illa a samanta, kuma da yatsuna nake shigar masa. Rannan Kawu Mamman ya shigo Madawa, ya faɗo bankin da rawaninsa, a gaban kowa ya dafa kafaɗata yana murna ya ce, "Ɗana, mun cika ma banki. Na ce musu duk mai son ɗan Hajo shi ci gaba, shi ba yaron ga mai moto hotonai a buɗe mai asusu." Su a wajensu banki kamar rumfar kasuwa ne, in ɗanka yana ciki ka kai ciniki to shi ka ƙara wa. Na yi dariya na yi godiya, na raka shi har bakin hanya, ban iya gaya masa cewa wani ya yi wa noman ba.

Daga ranar ban sake ganin Illa da idon da ba. In shef ya yaba masa a taron safe sai in ji kamar an zuba mini barkono. In ya dawo da zabuwa ɗaure a bayan moto, kyautar mutanen ƙauye, sai in ce a raina zabuwar dangina ce. Har gaisuwarsa ta fara ba ni haushi, ga shi mutum ne mai fara'a, kullum haƙora waje. Na riƙa lissafa cewa ƙarshen shekara wanda ya ci tuwon gidana wata uku zai fi ni ɗauka nesa ba kusa ba, da sunan uwata. Ba zan yi muku ƙarya ba, hassada ce, na san sunanta tun lokacin, na dai ƙi kiranta.

Ranar Asabar muka zauna ƙarƙashin dogon yaro a farfajiyar banki, mu goma sha ɗaya. Na tashi na yi magana kamar ba gobe. Na ce firim raba kan ma'aikata yake yi, na ce mai gadi da direba da matar da ke kan kes tana karɓar kuɗi ba su da inda za su samo mutane, shin su ba 'ya'ya gare su ba? Na ce albashi shi ke binka har ritaya, firim kuwa bana a ba ka baɗi a ce babu. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, har yau in aka tashe ni daga barci zan maimaita. Amma Allah ya sani ba mai gadi nake gani ba lokacin da nake maganar, takardun Tabotaki nake gani. Aka yi ta musu, masu fita ƙauye biyu suka ce su ke shan rana da faɗuwa a kori, wato kwarin da ruwan damina ke bi, mu muna cikin sanyi muna danna na'ura, wani ya ce mini delegen 'yan biro ne ni. Da aka zo ɗaga hannu masu son firim suka tashi biyar, mu biyar, kowa ya juya yana kallon Illa. Sai ya ɗaga hannu a ɓangarena. Aka shafa Fatiha a kan cewa magana ta ƙare, ba mai komawa baya, kun san kuwa a wajenmu abin da aka shafa wa Fatiha ba a tone shi. Da muka watse na tambaye shi me ya sa, don ni kaina na yi mamaki. Ya ce, "Kai ka kawo ni gidan ga. Ba ni ɗaga hannu inda ba ka ɗaga ba."

Na koma gida ina jin daɗi, wannan ma sai na faɗa. Abin da ban faɗa muku ba shi ne, damina biyu da suka wuce Illa ya faɗi da moto a wani kori a hanyar Karofane yana kan aiki, gwiwarsa ta dama ba ta koma daidai ba. Yanzu a kan kujera yake sallah. Ya taɓa gaya mini, tun farkon zancen firim, cewa in abin ya tabbata Yamai zai je a duba masa ƙafar da kyau. Na san da wannan lokacin da na tashi ina zuba a ƙarƙashin itacen nan.

Ranar Talata shef ya kira ni in sa hannu a takardar sakamakon zaɓe. Ina cikin sa hannu ya jawo wata wasiƙa daga aljihun tebur ya ce tunda abin ya wuce bari ya nuna mini. Rubutun Illa ne, ya rubuta ta sati biyu kafin zaɓen. Yana roƙon a cire lambarsa daga duk takardun Tabotaki a sa tawa, wai shi ba abin da ya yi sai cika takarda, mutanen don ni suka zo, kuma ba zai ci haƙƙina ba. Har ya roƙi kar a gaya mini sai an gama, don ya san halina zan ƙi. Shef ya ce ya riga ya amince, amsar manya kawai yake jira. Na fito daga biron nan ban san ta ƙofar da na bi ba.

Yanzu ga inda nake. Ranar Litinin zan tafi Tawa da amsar reshenmu, kuma an ce rassan sun rabu kusan biyu, tamu tana iya rinjayarwa. Dokar sandika ta ba ni damar sake kiran taro kafin in tafi. Amma in na kira me zan ce musu? An shafa Fatiha. In na ce na sake tunani, shef ya san da wasiƙar, kuma a bankinmu ba a rufe magana ta kwana uku, za a ce delege ya ji akwai rabonsa ya juya. Mai gadi da matar kes da suka bi ni da zuciya ɗaya su kuma na sayar da su ke nan, alhali hujjar da na ba su ba ƙarya ba ce. In na faɗi gaskiya cewa hassada ce ta sa ni magana, na gama zama delege, wataƙila na gama zama abokin Illa. In kuma na yi shiru na kai takardar yadda take, ba wanda zai taɓa sani, sai ni da zan riƙa ganinsa yana jan kujera a masallaci.

Abin da ya fi ba ni tsoro kuma, na zata ganin wasiƙar zai wanke mini zuciya. Bai wanke ba. Da ina jin haushin zai fi ni kuɗi, yanzu ina jin haushin ya fi ni hali. In na tuna shi ne mai bayarwa ni ne mai karɓa, yaron da na kai wa takardu, sai haushin ya dawo mini sabo. Na yi istigfari, na yi sadaka, abin yana nan.

Malamai da ke cikin zauren nan, Fatihar da aka shafa a kan maganar da mai ita ya yi da mugun nufi, tana ɗaure mutum? Ma'aikata 'yan uwana, in ku ne za ku sake kiran taron ko za ku kai takardar? Kuma shi Illa, in gaya masa ko in bar shi da kyakkyawan zatonsa? Ku taimaka ku amsa mini kafin Litinin, don ɗazu ya leƙo birona yana murmushi ya ce kar in nemi kabu-kabu, shi zai zo ya kai ni tasha. Moton nasa sai an taka yake tashi, kuma da ƙafar dama ake taka shi.