Kwalabe Uku a Akwatin Ƙarfe

Zuwa ga: Mai Girma Daraktan Cibiyar Bincike
Daga: Ɗalibar digiri na uku, Ɗakin Gwajin Haske, tebur na huɗu
Kwanan wata: 9 ga Mayu

Game da: Kulle kayan gwajina a akwatin ajiyar kaya masu daraja

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman izinin kawo kukana gabanka.

1. Aikina shi ne ƙara hasken siraran fitilun nan irin na fuskar waya ba tare da sun ƙara cin wuta ba, ta hanyar shimfiɗa ƙwayoyin zinariya a ƙarƙashinsu. Wata goma sha ɗaya na yi ina fama kafin na dace da ƙwayoyin da girmansu ya yi daidai. Suna cikin ruwa, a kwalabe uku.

2. Ranar 2 ga Mayu, Jami'in Kadarori ya cire kwalaben daga firiji ya kulle su a akwatin ƙarfe, wai doka ta ce nan ne mazaunin zinariya. Ranka ya daɗe, ƙwayoyin nan ido ba ya ganinsu. Ko maƙeri ya kwashe su duka, wallahi ba za su yi bakin allura ba.

3. Akwatin yana jingine da bangon ɗakin injina, zafinsa kamar murhu. Zafi kuwa dunƙule ƙwayoyin yake yi. Lafiyayyen ruwan ja ne. In ya koma shuɗi, aiki ya mutu. Jiya da aka buɗe don ajiye wani abu na leƙa, na ga kwalba ɗaya ta fara juyawa. Na nemi gafarar jami'in kan kukan da na yi masa a ofis.

4. An ce sai da sa hannun mutum biyu za a ba ni su, ɗayan kuma yana hutu har 3 ga Yuni. Ranar 16 ga Mayu aka tsayar mini don amfani da injin awon haske, wa'adin karatuna zai cika ƙarshen Yuni, babu ƙari. Shekara biyar ke nan mahaifiyata tana riƙe mini yara, kullum ina ce mata saura kaɗan. Ban san da wane baki zan koma mata ba.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma, don Allah, ya ba da umarnin mayar da kwalaben firiji yau ɗin nan. A sa wa firijin kwaɗo. A tsayar da mai gadi a kaina ina aiki, a caje jakata safe da yamma, duk na yarda. Biyun da suka rage kawai nake son a cece mini.

Ka huta lafiya, tare da biyayya da ladabi.

(Sa hannu)
Ɗalibar tebur na huɗu