Naja'atu a Gicciye

Juma'a, 2 ga Mayu, 2025

'Yata Naja'atu ta sauka lafiya a Fatakwal! Mace. Yau ni ne kaka. Shekara ashirin ina gaya wa ɗalibai waya ɓata lokaci ce, ga shi tun hantsi tana hannuna har shayina ya huce.

Lahadi, 4 ga Mayu

Na kai wa Inna wayar ta ga tattaɓa-kunnenta. Ciwon baya ya hana ta zama, kullum a gefe ɗaya take kwance kan tabarma. Tana karɓa hoton ya wuntsila, Naja'atu ta koma a gicciye. Na karɓa, ya miƙe. Na mayar mata, ya sake kwanciya.

"Malam, yarinyar nan ba ta iya tashi. Ɓoye mini kuke yi."

Na yi mata bayani irin na aji. Ta ce in riƙe bokona.

Talata, 6 ga Mayu

Inna ta sa an ɗaure mata kaya a zani. In ba ta ga Naja'atu a tsaye ba, jibi za ta hau motar Fatakwal. Shekara tamanin da biyu, da wannan bayan! Na san ta, za ta aikata.

Laraba, 7 ga Mayu

Na je garin Kabo, shagon Hambali mai gyaran waya, tsohon ɗalibina da ya faɗi lissafi sau biyu. Ya ja yatsa daga saman allon, ya taɓa wata 'yar alama mai kibiyoyi.

"Shi ke nan, Malam, na kulle juyawar. Lafiyar waya ƙalau. Darasin ne ba ka karanta ba."

Ya daɗe yana jiran wannan rana. Sau uku ya sa na maimaita a gabansa. Na ci!

Na roƙi Inna ta jira kiran bidiyo ranar suna. Ta yarda da ƙyar, kayan na nan a ɗaure.

Juma'a, 9 ga Mayu

Suna. Asiya, sunan Inna aka mayar! Naja'atu ta kira, tana zagaya tsakar gida da jaririya a kafaɗa, tsaye cir a allon wayar da ke hannun Inna.

"To, yanzu na gani. A kwance ƙunshin kayan nan."

Sai dai tunda allon ya daina juyawa, ni ne nake ganinsu a gicciye. Dole na cire hula na kwanta kusa da ita. Rabona da tabarmar Inna tun ina firamare.

An katse kiran, ban tashi da wuri ba. Ina jin nawa bayan ne ya fara.