Rumbun da Aka Ɓoye Kakanku

Zuwa ga angona Tajuddeen,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya tsare min kai a Fatakwal, ko da yake miji ne kai marowaci, ko goron sallah babu. Mu nan Fassi lafiya, an cire gyaɗa, gwiwata ce dai ta ƙi sulhu.

Maganar ƙanwarka Suwaiba ce. Babbar jami'ar nan da ta ƙwallafa rai za ta karanta likitanci ta sake ƙin ɗaukarta. Babanku ya wanke babbar riga ya je har can. Wani ma'aikaci ya ce masa makinta ya kai har da saura, sai dai gurbin kaɗan ne, kuma ana fara duba 'ya'yan waɗanda suka yi karatu a wurin, su da ke gina musu ɗakuna. Ya tambaya ko gidanmu akwai tsohon ɗalibinsu, babanku ya ce sai dai tsohon manomi. Ni wanzanci da ƙira na san ana gado, ashe boko ma ya bi sahu.

Ka san wa aka ɗauka? Muhammad, jikan Ɗalhatu na Rano, wanda Suwaiba ta fi maki. To ji abin dariya. Shekarar da aka zo ɗibar yara makaranta, kakanku Malam aka zo nema. Iya, uwarsa, ta cusa shi cikin rumbu, ta ce wa dagaci wai yaron ya bi Fulani kiwo. Sai aka kama Ɗalhatu, maraya, ba mai ɓoye shi, aka tafi da shi yana kuka. Har Malam ya rasu yana alfahari wai ya sha da ƙyar. Ɗalhatu ya zama babban ma'aikaci, ɗansa ya bi sawunsa har ya yi karatu a jami'ar nan, yau jika ya shige. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya.

Suwaiba ba ta yi kuka ba, shi ya fi damuna. Ta ɗaure littattafanta, ta ce kada ka ƙara turo wasu. Na tsokane ta, ko kallona ba ta yi ba. Na ce ta gwada baɗi, ta ce baɗin ma ba sabon kaka za a yi mata ba. Rumbun nan ya rushe tun kana goye, amma ina ga har yau ba mu fito ba.

Ka gai da kishiyata Ramlatu da ɗanku, ƙaramin Sadiƙ. Ya dage da karatu, ko jikansa zai samu shiga.

Kakarka,
Barakatu